Busar Bututu a Watan Oktoba: Asalin Wata Al'adar Amurkawa

Duk shekara, da zarar ganyen itatuwa ya fara kaɗewa a biranen Amurka irin su Denver da Boise da Salt Lake City, sai ka ga motoci janye da manyan injinan hura iska suna bin unguwanni gida-gida. Ma'aikaci zai rufe famfon da ke ba farfajiya ruwa, ya jona tiyo a bakin bututu, ya saki iska. Nan take kawunan feshin da ke binne cikin ciyawa za su ɗago, su tofar da ruwa, sannan hazo, har su koma fitar da iska zalla. A haka zai bi layi bayan layi, yana kiyaye kada ƙarfin iskar ya wuce ma'auni 80 a bututun roba mai tauri, ko 50 a mai laushi. Dalilin aikin ba ɓoyayye ba ne: ruwa idan ya daskare, girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma wannan ƙarin ya isa ya tsaga roba, ya fasa bawul ɗin tagulla. Mazauna wuraren suna ɗaukar busar bututu tamkar farillar da sanyi ya ɗora musu. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Sanyin ya daɗe a can, al'adar kuwa ta jiya-jiya ce, kuma zaɓin mutane ne ya haife ta.

Shimfiɗaɗɗen filin ciyawa kayan Ingila ne. A ƙarni na 18, mai tsara lambuna Lancelot Brown ya kewaye gidajen masu sarauta da ciyawa iya ganin ido, a ƙasar da yayyafi ba ya yankewa, inda tumaki da masu lauje ke rage mata tsawo. Filin da ba a nomawa shaidar arziki ne, don sai mai yalwar ƙasa ke barin ta ba shuka. A 1830 Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa, abin ya fara saukowa zuwa gidajen masu matsakaicin hali. Babu wanda ya binne bututu domin ta, sama ce ke ban ruwa.

Da al'adar filin ciyawa ta haye teku zuwa Amurka sai ta canza ma'ana. Lokacin da mai tsara lambuna Frederick Law Olmsted ya tsara unguwar Riverside kusa da Chicago a ƙarshen shekarun 1860, ya ja gidaje baya daga titi, ya bar gabansu a buɗe, ciyawar wannan ta haɗe da ta wancan. Daga nan farfajiyar mutum ta zama abin da maƙwabta ke da ta cewa a kai. A Levittown, wadda aka fara ginawa a 1947 kusa da New York, sharaɗi ne mai gida ya riƙa yanke ciyawarsa mako-mako a lokacin tsirowarta. Gabashin ƙasar yana da ruwan sama, saboda haka abin ya zauna. Matsalar ta taso ne da mutane suka ɗauki wannan hoton gida suka nufi yamma da shi. Tun 1878 mai binciken ƙasa John Wesley Powell ya gargaɗi gwamnati cewa ruwan saman yankin bai isa noma ba sai da ban ruwa. Denver tana samun ruwan sama kusan inci 15 a shekara, ita kuwa ciyawar da suka fi so, wadda ake jinginawa ga jihar Kentucky ko da yake asalinta daga Turai da Asiya ne, tana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Ga ƙishi da rani, ga ƙanƙara da hunturu: ƙasa ce da ta haɗa wa baƙuwar ciyawa wahala biyu.

Duk da haka, na'urar fesa ruwa kaɗai ba ta kawo busar bututu ba, kuma nan ne mutane suka fi kuskuren lissafi. An yi ta ƙera na'urorin feshi tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma a 1933 wani manomin lemo a Glendora ta jihar California, Orton Englehardt, ya ƙago mai juyawa da ƙarfin ruwa, wadda kamfanin Rain Bird ya kafu a kanta. Amma a yawancin gidaje waɗannan a bakin tiyo suke, a saman ƙasa. In sanyi ya ƙarato, mai gida ya zazzage tiyonsa, ya naɗe, ya rataye, shi ke nan. Abin da ya sauya lamarin shi ne arahar roba bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Edwin Hunter ya kafa kamfanin Moist O'Matic yana yin kayan feshi da roba, kamfanin Toro ya saye shi a 1962, sannan agogon da ke kunna ruwa da kansa ya yaɗu. Binne bututu ya fita daga hannun filayen wasan golf da gidajen attajirai, ya shiga unguwannin ma'aikata. Sai dai ana binne shi ne a zurfin inci 6 zuwa 12, alhali ƙa'idar gini a Denver tana lissafa cewa daskarewa na iya kaiwa inci 36, a Minneapolis kuma inci 42. Tsakanin waɗannan alƙaluman sana'ar masu injin iska ta samu gindin zama.

Wani zai ce ai sai a zurfafa ramin, a huta. Bututun ruwan sha haka ake yi masa, shi ya sa ba a busa shi. Amma bututun feshi dole ya ɗago kai sama a wurare da yawa, bawul ɗin da ke hana ruwan farfajiya komawa cikin ruwan sha kuma sau da yawa a fili yake, jikin bango. Ko an haƙa ƙafa huɗu, ruwan da ya kwana a waɗannan gaɓoɓi zai daskare. Akwai bawul mai tsiyayar da ruwa da kansa, sai dai ƙasa takan motsa, bututu ya lotsa, ruwa ya taru a kwari. Illar tana cikin tsarin kansa, ba ta rashin ƙwarewar mai haƙa ba ce.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa ciyawa tana da amfani, kuma kowane abin amfani yana da ɗawainiya. Gaskiya ne tana sanyaya unguwa, tana kwantar da ƙura, yara suna samun wurin wasa, kuma ban ga dalilin raina wannan ba. Filin da ake taka ƙwallo a kai ya ci ruwansa, ya ci busarsa. Amma yawancin abin da ake shayarwa ba wanda ke takawa sai mai yanka: ɗan zirin da ke tsakanin titi da hanyar ƙafa, gaban banki, tsakiyar shataletale. A wani bincike na 2005, Cristina Milesi da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa filayen ciyawa a Amurka sun kai kusan ninki uku na gonakin masarar da ake yi wa ban ruwa. A Denver kuwa, kusan rabin ruwan da gida ke sha a shekara waje yake tafiya. Ruwa ne tatacce, an janyo wani kasonsa ta ƙarƙashin duwatsu daga kogin Colorado da ke ta ƙafewa, a zuba wa ganyen da za a yanke a zubar.

Mutanen yankin da kansu sun fara sake lale. A 1981 hukumar ruwan Denver ta fito da tsarin ƙawata gida da tsirrai masu jure fari. Ko shi bai kashe al'adar busar bututu ba, domin siririn bututun da ke ɗiga ruwa a gindin shuka shi ma sai an tsiyaye shi kafin ƙanƙara. Abin da ya ragu shi ne yawan layuka da yawan ruwa. A 2024 majalisar jihar Colorado ta hana dasa sabuwar ciyawar ado a harabar kamfanoni da ma'aikatu da gefen tituna daga farkon 2026. Dokar ba ta taɓa farfajiyar gidajen jama'a ba, kuma can ne motocin masu busa suka fi tsayawa a watan Oktoba.