Daga Mangalar Taki zuwa Baƙar Leda: Waiwaye kan Sharar Kano

A Kanon da kakanninmu suka rayu a cikinta, shara tana da wurin zuwa. Abin da uwargida take sharewa da safe bai wuce tokar murhu da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin awaki ba, sai ganyen da aka ƙunso daddawa ko goro. A zuba a juji, rana ta dake shi, ya ruɓe. Idan rani ya tsaya, mutanen karkara su shigo birni da jakuna sun labto itace. In sun sayar kuwa ba sa juyawa da mangala wayam, taki suke cikowa. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano a shekarun 1960, ya nuna cewa wannan kai-kawo yana cikin dalilan da suka sa ake noma gonakin nan kowace damina ba tare da an bar su sun huta ba.

Abin da ba ya ruɓewa ma ba a cika yar da shi ba. Kwalba ta koma ta man gyaɗa, gwangwani ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, takardar buhun siminti ta tafi wurin mai tsire. Ƙwarya in ta tsage, gyartai ya ɗinke ta. Ba muna cewa garin aljanna ba ne. Akwai kududdufai masu sauro, akwai kwatami mai wari, shi ya sa matan aure suke rawar jiki in an ce ga duba-gari nan zai leƙa randa. Sai dai ƙazantar wancan zamani ƙasa tana iya cinye ta.

Al'amarin ya fara juyawa ne a shekarun 1970, da kuɗin mai suka shigo. Masana'antu suka bunƙasa a Bompai, daga baya Sharaɗa da Challawa, kayan roba suka cika kasuwa. Butar roba ta kori ta ƙarfe, bokiti da baho suka shiga kayan ɗakin amarya, tabarmar roba ta ture ta kaba. Mun karɓe su hannu bibbiyu, kuma da hujja: ga araha, ga rashin nauyi, ba sa tsatsa. Sannan leda ta iso. Da farko har wanke ta ake yi a shanya a sake amfani da ita, kafin ta yi arhar da mai tumatir zai ba ka ita kyauta, ya ƙara maka wata don kada ta fashe. A shekarun 1990 fiya wata ya shigo, ya maye gurbin ruwan sanyin da yara suke ƙullawa a leda, ya kuma kashe ƙishin miliyoyin mutanen da famfo bai kai gare su ba. Kowane ƙunshi, ana shanyewa ake jefarwa.

A daidai wannan lokaci garin da mutanensa ba su kai dubu 200 ba a farkon shekarun 1950 ya doshi miliyoyi. Gonakin da jaki yake kai wa taki suka zama unguwanni, kududdufai aka cike su da shara aka yi gini a kai. Manomin da ya sayi motar taki daga bola yanzu sai ya sa yara su tsince leda da fasassun kwalabe kafin ya watsa, kuma duk da haka garma tana tono ta. Mahauta sun san sauran labarin, domin su ne suke farka tumbin saniya su ciro dunƙulen leda da igiya a cuɗe.

Hukuma ta yi ta ƙoƙarinta. A 1985, a Kano gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da ɓangaren tsaftar muhalli na yaƙi da rashin ɗa'a, kuma daga wancan zamani muka gaji fitowar share gari ta Asabar ɗin ƙarshen wata. A 2003 aka kafa hukumar kwashe shara ta REMASAB. Amma duk tsarin ya tsaya ne a kan kwashewa daga nan a jibge can. Mu fito mu yashe kwata, mu tara sharar a bakin titi, mota ba ta zo ba, ruwan sama ya mayar da ita inda ta fito. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta tuna mana abin da toshewar magudana da gini a kan hanyar ruwa suke jawowa.

Waɗanda suka sake samar wa shara wurin zuwa, a ganinmu, su ne mutanen da muka fi rainawa: 'yan jari-bola da 'yan gwangwan. Yaro da buhu a kafaɗa da ɗan ƙarfe a hannu yana tona bola, ya ware gorar ruwa gefe, fasasshen bokiti gefe, tsinkakken silifas gefe. Ya kai wa mai sikeli a auna a biya shi kilo-kilo. Daga nan a rarraba bisa launi da tauri, a wanke, a zuba a injin markaɗe, a shanya ɓarzajjen a rana, a ɗura a buhu zuwa kamfani, ya dawo mana a matsayin buta ko takalmi. Yawancinsu ba safar hannu, ba takalmin kirki, allura da gilashi suna yankar su, ga zargin sata da ɓata-garin cikinsu suka jawo wa kowa.

Sai dai sikeli abin da yake da nauyi yake so. Baƙar ledar cefane shafal take, ga datti, sai an tara tuli kafin ta yi kilo, don haka mai tsinta yakan tsallake ta. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta haramta mazubin abinci na soso a farkon 2024. A Kano kuwa har yau baƙar ledar ce take toshe rafin Jakara, ita muke ƙonawa da magariba a ƙofar gida, hayaƙin yana shiga ɗakin da yara suke kwance.