Ɓanɓarewar tantanin gani: alamomi da magani

A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina. Shi ne ke karɓar haske ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A gabansa kuma akwai wani ruwa mai kauri kamar farin ƙwai, wanda ya cika ƙwayar idon.

Idan shekaru suka ja, ruwan nan yakan tsinke ya janye. Wajen janyewar ne yakan yaga tantanin a wasu lokuta, ruwa ya kutsa ta kafar ya ɓanɓare shi daga bangon ido. Hakan na samun kimanin mutum 1 cikin 10,000 a kowace shekara.

Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ba sa hangen nesa sosai, da waɗanda aka yi wa aikin yanar ido, ko suka bugu a ido. Ciwon sukari da sikila su ma kan haddasa shi.

Abin da ke yaudarar jama'a shi ne ciwon ba ya zafi. Mutum zai fara ganin ɗige-ɗige baƙaƙe suna yawo kamar ƙudaje, ko walƙiya a gefen ido, daga bisani duhu ya taso kamar an ja labule. Wanda ya ga haka ya nemi likitan ido a ranar, domin da zarar ɓanɓarewar ta kai tsakiyar tantanin, da wuya gani ya koma yadda yake.

Likita kan ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa ciki da fitila ta musamman. Idan jini ya tare, sai a yi hoton sikanin.

Jules Gonin, wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, shi ne ya nuna a shekarun 1920 cewa toshe kafar ita ce magani. A yau ana liƙe ƙaramar yagewa da hasken leza. Idan tantanin ya riga ya tashi, ko dai a ɗaura wa ƙwayar idon ɗamarar silikon daga waje, ko a zuƙe ruwan mai kauri, aikin da Robert Machemer ya fara a Amurka a 1970, sannan a cika gurbin da iskar gas ko man silikon.

Wanda aka sa wa gas ba zai hau jirgin sama ba sai iskar ta baje, abin da kan ɗauki makonni. Maniyyata aikin Hajji ko Umra su lura da wannan.