Daga Kurfi Zuwa Rauta: Tarihin Gurbin Ƙofar Kwaba a Kudancin Kano

Kafin a san kafinta a ƙasar Tudun Wada da Doguwa, itace na masassaƙa ne. Su ke shiga daji da gatari da gizago, su fito da turmi da taɓarya da akushi da allon almajirai. Aikinsu duk na gungume ɗaya ne, a sare, a fafe, a goge. Ƙyauren gidan mai hali ma falankai ne a jere, maƙeri ya ɗaure su da ƙarfe da manyan ƙusoshi. Ba wanda ke haɗa firem ya zura allo a tsakiya, saboda haka ba wanda ya damu da yanka gurbi.

Aikin haɗi jirgin ƙasa ya biyo. Da dogo ya iso Kano a 1911, katakon Kudu ya riƙa hawowa a yanke, kafintocin da suka san shi kuma, galibinsu Yarbawa da Ibo, suka zauna a Sabon Gari. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin UAC ya kafa masana'antar filawud a Sapele, filawud ɗinta ya cika Arewa. Rikicin 1966 ya sa Ibo da yawa suka koma gida, yaran shagonsu Hausawa suka gaji benci da zarto. Mu a nan kudancin Kano sana'ar ta kankama ne zamanin Audu Bako, lokacin da aka gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, aka kuma gina otal a Bagauda. Samarin Bebeji da Kiru da suka shiga aikin a matsayin leburori, wasunsu sun fito da hannu. Maigidana yana cikinsu.

A wajensa na fara ganin yadda ake yanka gurbi da hannu. Sai ya ja layi biyu a cikin gefen firem, ya bi su da zarto, sannan ya ƙwaƙule tsakiya da kurfi. Daga baya ya samu ɗan filen mai siririn baki wanda ke bin gefen katako yana fidda gurbi ɗai-ɗai. Kwabar amarya mai ƙofa huɗu takan ci masa wuni a gurbi kaɗai. Amma abin da ya fi tsayawa a kai shi ne dalilin gurbin. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Idan ka buga faffaɗan allo da ƙusa ko ka shafe shi da gam a jikin firem, ranar da ya so motsi bai samu hanya ba sai ya tsage. Gurbin shi ne hanyar. Yakan ce mini, "Yaro, bar masa wurin numfashi," ya hana ni kai gam kusa da allon. Wannan motsin katako ya fi tsanani a wajenmu, domin ƙasar Doguwa da Riruwai da gefen dajin Falgore ta fi birnin Kano ruwa. Kwabar da aka haɗa a birni da hunturu, allonta a matse, in aka kai ta jere Doguwa, watan Agusta ya ishe ta buɗe haɗin kusurwa.

A wancan zamani ba a maganar zaɓen bakin yanka gurbi. Firem na maɗaci ko doka ko kawo kaurinsa kusan inci ɗaya, gurbi daidai kaurin allo, filawud kwata inci kuma kwata inci ne da gaske. Abu ya fara rikicewa bayan tsarin tattalin arziki na SAP na 1986. Naira ta faɗi, kayan aiki na Ingila suka fi ƙarfin ƙaramin kafinta, filawud na gida ya yi ta raguwa, na waje ya maye gurbinsa. Daga baya kayan Sin suka mamaye kasuwa, a cikinsu har da rauta mai araha, injin hannu da ake ɗaura wa baki ya yanka gurbi. Wanda a da sai ya ɗauki firem ɗinsa ya kai wa masu inji a 'Yan Katako ta Na'ibawa, ya biya kuɗin mota ta Kwanar Dangora zuwa da dawowa, yanzu ya sayi tasa a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya rataye a shago. Aikin wuni ya koma na ɗan lokaci kaɗan.

Sai dai rautar ta zo daidai lokacin da suna ya rabu da awo. Allon da mai shago zai ce maka kwata ne, in ka auna sai ka samu milimita 5, wani lokaci 4, alhali kwata inci milimita 6.35 ne. Kafinta ya ɗaura baki mai 6 ya yanka, ya zura allo, ƙofa ta riƙa ƙara duk sanda aka rufe ta. Masu gaggawa sukan toshe da gam da garin katako. Ni a ganina wannan ha'inci ne, ko da mai kaya bai gane ba. Gyaran mai sauƙi ne: a sayi allon tukuna, a auna shi, sannan a zaɓi baki. In babu wanda ya dace, a ɗauki wanda ya fi allon siranta, a yanka sau ɗaya, a juya katakon a sake yankawa. Gurbin zai zauna a tsakiya cif, kuma za a iya buɗa shi kaɗan-kaɗan a kan guntun gwaji har allon ya shiga da turin hannu, ba da guduma ba. Zurfi milimita 8 zuwa 10 ya isa. Allon katako zalla a bar masa sarari kamar milimita 2 kowane gefe. Filawud da MDF, allon garin katako da aka matse da gam, ba sa motsi sosai, su ko an ɗiga musu gam ba laifi.

Baki iri uku ne ke yawo a shagunanmu. Akwai miƙaƙƙe, wanda kowa ke farawa da shi don arha. Siririnsa yana saurin karyewa, gari yana cushe masa, kuma in ba a yi zurfin a zubi biyu ba sai ya ƙone katakon. Akwai mai kama da ƙaramin faifan zarto, da boris a jikinsa da ke bin gefen katako. Shi na fi so, domin yana watsar da gari, ba ya kauce hanya, kuma sauya boris ɗin kawai ke sauya zurfi. Na uku tagwaye ne, ɗaya ya fidda gurbi da ado a tare, ɗayan ya yanka kan katakon da zai shige shi. Suna fidda ƙofa mai kyau, amma sai an kifa rauta a ƙarƙashin tebur, an rage gudu, kuma faɗin gurbinsu na kwata inci ne, wanda allon kasuwa ba ya cikawa.

Itacen ma yana da ta cewa. Kawo da ƙirya suna dakusar da baki na ƙarfe zalla nan da nan, MDF ya fi su ɓarna saboda gam ɗin da ke cikinsa, don haka mai haƙorin kabayid ya fi arha in aka yi lissafin shekara. Maje yana da ƙaro da ke liƙe wa baki, a wanke da kananzir. Malaina, wadda ta zama katakon talaka tun da manyan itatuwa suka yi wuya, laushi gare ta, baki in ba kaifi sai ta yi gashi a gefen gurbi. Sannan ga ƙafar bakin. Ana sayar da mai milimita 6 da mai kwata inci a tire ɗaya, ido ba ya rabe su. Mai 6 a maƙogwaron kwata inci ba ya kamuwa da kyau, ga inji yana juyi fiye da sau 20,000 a minti. In rautar tana ɗaukar mai rabin inci, shi ya fi, ba ya rawa. Wuta kuwa, wanda ke aiki da ƙaramin janareto ya san babbar rauta na shaƙe shi, gudu ya ragu, gurbi ya fito baƙi.

Yau yawancin kayan ɗakin amare da ake saukewa a Kiru da Bebeji na allon HDF ne mai santsi, ƙofa falle ɗaya, an naɗe gefenta da tef, babu firem balle gurbi. Yaran da ke zuwa koyon aiki da shi suke so a fara musu, kuma ba na ganin laifinsu, nan kuɗin yake. Masu neman ƙofar firem yanzu su ne kwamitocin masallatai da ke son ma'ajiyar Alƙur'anai, da masu kantin magani, da iyayen da suka ga yadda ruwa ɗaya ya kumbura ƙasan sif ɗin babbar 'yarsu, suka ce ta ƙanwar a yi mata da katako.