Tarihin Kare Haƙƙin Masu Hijira da Baƙi a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Kare mai neman mafaka, wanda malaman fiƙihu ke kira amana ko jiwari, shi ne a karɓi wanda tsoro ko yunwa ko zalunci ya raba da gidansa, a ciyar da shi, a kuma hana wanda ya biyo sawunsa taɓa shi. A ƙasar Zamfara wannan aiki ya girmi kowace doka ta gwamnati, gama tun kafin a rattaba hannu kan yarjejeniyar Janeba ta 1951 game da 'yan gudun hijira, ko ta ƙasashen Afirka ta 1969, malamai na karantar da ƙissar sahabban da suka fake wurin Najjashi na Habasha, da yadda Ansar suka raba dukiyarsu da Muhajirai a Madina, suna kuma lissafa ibnus-sabili, wato matafiyin da guzuri ya yanke masa, cikin mutum takwas da zakka ta halatta gare su.

Jihadin ƙarni na 19 shi kansa a kan wannan mas'ala ya ɓarke. Yayin da dakarun Yunfa, Sarkin Gobir, suka kamo jama'ar Malam Abdussalami daga Gimbana, suka biyo da su ta kusa da Ɗagel a ɗaure, almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka kwance su, kuma da Sarki ya nemi Shehu ya ware kansa da iyalinsa ya bar sauran jama'a, sai ya ƙi, ya zaɓi hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan wahalar yaƙin Tsuntsuwa jama'ar ta sauka Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805, tana cikin yunwa da rashin lafiya, a shekara ta gaba kuma Shehu ya kammala littafinsa Bayan Wujub al-Hijra. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa yaƙin nan ya haifi nasa masu gudu. 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke daf da Tsafe, ya faɗi a hannun Muhammadu Bello ɗan Shehu wajen 1806, mutanensa suka watse, har yau kuwa sarautar Tsafe 'Yandoto ake kiranta. Gusau kuma Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa ta da jama'ar da ta taso daga wannan yanki. Ke nan masu karɓar baƙi a garuruwan nan jikokin waɗanda aka taɓa karɓa ne.

Zamanin Turawa ya zo da baƙi iri dabam. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gusau, tana wucewa Ƙaura Namoda, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo Yarabawa da Ibo da Nufawa, aka sauke mafi yawansu a unguwar Sabon Gari ta Gusau, inda majami'u suka zama masaukin farko ga Kiristocin cikinsu, kamar yadda zauren mai unguwa da tsangayar malam suke ga Bahaushen da ya sauka garin da bai san kowa ba. A farin 1973 da 1974 kuwa Buzaye da sauran mutanen Nijar suka gangaro kudu, sadakar gidaje da ta masallatai ce ta riƙe da yawansu.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce wadda ta faro wajen 2011, sa'ad da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai suka rikiɗe suka zama ƙone ƙauyuka da garkuwa da mutane. Manoma da makiyaya, Hausawa da Fulani, suka kwararo daga karkarar Tsafe da Bunguɗu da Maru zuwa manyan garuruwa, dubun dubata kuma daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka ƙetara jihar Maraɗi tun daga 2019, inda ƙauyawan Gidan Rumji suka sauke su a gidajensu kafin Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya musu matsuguni. A Gusau kuwa mafi yawan masu gudun ba su sami sansani na hukuma ba, sai kangaye da makarantun firamare da gidajen dangi, don haka nauyin ya faɗo kan limamai masu yekuwar taimako bayan sallar Juma'a, da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam da Izala da Fityanul Islam, da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, da Hukumar Zakka da Waƙafi wadda jihar ta kafa bayan ƙaddamar da Shari'a a 1999. A ɓangaren Kirista, Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda Katolikan Zamfara suka shiga ƙarƙashin kulawarsa a 2011, ya daɗe yana tuhumar mahukunta a kan sakaci da rayukan talakawa.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne neman haƙƙi. Hatsi da tabarma da likkafani suna samuwa gwargwadon hali, amma maganar karatun yaran da aka raba da ƙauyensu, da gonar da aka bari, da kariyar bazawarar da ke bara a bakin titi, ba ta cika hawa mumbari da ƙarfin da ya kamace ta ba, alhali kuwa fiƙihu ya ɗora kiyaye rai da dukiya da mutunci a wuyan shugaba. A shekarar 2012 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda ta wajabta wa gwamnati kula da waɗanda suka yi gudun hijira cikin ƙasarsu, a shekarar ta 2012 kuma Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi taro a Ashgabat musamman a kan 'yan gudun hijira. Daga 2019 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe asusun karɓar zakka dominsu, bisa fatawar malamai da suka halatta hakan da sharaɗin a miƙa ta duka ga masu haƙƙi.