Zomon Leão da Ciwon Ɓarin Kai

Duk mai ciwon ɓarin kai, ko a kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui yake ko a Kurmi ta Kano, ya san azabarsa. Wasu kafin ciwon ya sauka sai su ga wani haske yana walƙiya a gefen ido, yana faɗaɗa sannu a hankali. Da yawa a cikinmu kan danganta wannan da iska ko sammu. Amma abin yana da tarihi, kuma daga kan zomo ya faro.

A 1944 wani matashi ɗan ƙasar Brazil, Aristides Leão, yana binciken farfaɗiya a Jami'ar Harvard ta Amurka. Ya sa wa zomaye maganin barci, ya jera wayoyin awo a saman ƙwaƙwalwarsu, sannan ya tsokani wuri guda da lantarki. Ya zaci zai ga hargitsi, sai ya ga akasin haka: motsin ƙwaƙwalwar ya yi tsit, shirun kuma yana yaɗuwa kamar wutar daji, kimanin milimita 3 a minti guda, kafin komai ya dawo daidai bayan 'yan mintoci.

Shekara 3 kafin nan, Karl Lashley, masanin halayyar ɗan Adam da ke fama da ciwon, ya riƙa zana hasken da yake gani, har ya lissafa saurin tafiyarsa a ƙwaƙwalwa. Shi ma milimita 3 ya samu. A 1958 Peter Milner ya nuna yadda lissafin biyu suka dace.

Duk da haka likitoci sun daɗe suna tababa, domin zomo ba mutum ba ne. Sai a 1981 Jes Olesen da abokan aikinsa a Denmak suka ga raguwar gudun jini tana yaɗuwa a ƙwaƙwalwar majinyata. A 2001 na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna igiyar a daidai lokacin da majinyaci ke ganin hasken.

Yau ana ɗiga gishirin fotasiyam a ƙwaƙwalwar ɓera, a ƙirga igiyoyin da suka taso. A 2006 an gano cewa magungunan riga-kafin ciwon, idan aka daɗe ana ba ɓera, suna rage yawansu.

Saboda haka, ɗan'uwa, in wannan hasken ya zo maka, ka nufi asibiti. Abu ne da ake aunawa, kuma akwai magungunan da ke rage shi.