Ƙaramar makaranta mai zaman kanta: abin da ya kamata iyaye su sani kan rayuwar cikinta

A unguwannin Kano, Kaduna, Zariya da Jos, da wuya mutum ya ratsa layi biyu bai ci karo da allon wata makarantar kuɗi ba. Galibinsu ƙanana ne: gidan haya ne aka mayar da ɗakunansa azuzuwa, ana ɗaukar yara daga nazare zuwa firamare, wasu har ƙaramar sakandare. Iyaye kan zaɓe su saboda kusanci da gida, da fatan yaro zai samu kulawar da ke wuya a aji mai cunkoso. Cikar wannan fata ta rataya ne a kan yadda ranar karatu take gudana.

Tsarin yini

Yawanci ana buɗe ƙofa kafin ƙarfe 8 na safe. A taron safe ake yin addu'a da taken ƙasa, a duba farce da tsabtar yunifom. Daga nan sai darussa, sai fita tara, lokacin da yara ke cin abincin da suka zo da shi ko su kashe kuɗin tara. Ana tashi tsakanin ƙarfe 1 da 2, ranar Juma'a kuwa tun kafin a tafi masallaci. Makarantun da suka haɗa boko da Islamiyya kan riƙe yara har la'asar, don haka abincin rana, ruwan sha da wurin sallah sun zama abin tambaya tun farko. Shekarar karatu zango uku ce, daga Satumba zuwa Yuli.

Malamai

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 25 a nazare, 35 a firamare, 40 a babbar sakandare, kuma takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa malamai rajista. Ƙaramar makaranta kan cika sharaɗin yawan yara cikin sauƙi, amma riƙe malami shi ne jan aiki. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma da yawan waɗannan makarantu a nan suka faɗa. Malamin da albashi bai ishe shi ba yakan tafi da zarar ya samu wani aiki, ko da a tsakiyar zango ne. Sanin shekarun da malaman aji suka yi a makarantar ya fi duba kwalayensu bayyana gaskiya.

Kuɗi

Da kuɗin zango ake biyan haya, albashi da man janareta. Shi ya sa jinkirin biya kan kai ga kora gida, musamman dab da jarrabawa. Bayan kuɗin zango akwai na fom, yunifom, littattafai, lesin, ƙungiyar iyaye da malamai da bikin yaye ɗalibai. Mai hankali kan nemi jerin kuɗaɗen shekara gaba ɗaya a rubuce, ya kuma karɓi rasit a kowane biya.

Rajista da jarrabawa

Gwamnatin jiha ce ke ba makaranta izinin aiki, kuma iyaye na da haƙƙin ganin takardar. Manhaja ta ƙasa daga hukumar NERDC take fitowa. Izinin buɗe makaranta daban yake da amincewar WAEC ko NECO a matsayin cibiyar jarrabawa. Makarantar da ba ta da ita takan kai ɗalibanta su zauna a wata, da ƙarin kuɗi da zirga-zirga.

Tsaro da lafiya

A Janairun 2022 gwamnatin Kano ta soke takardun izinin dukkan makarantu masu zaman kansu don sake tantance su, bayan kisan wata ɗaliba mai shekara biyar da aka samu mai makarantarta da aikatawa. Tun daga nan tambayar wane ne mai makaranta, da wa aka yarda ya ɗauki yaro idan an tashi, ta daina zama ƙaramar magana. Haka nan yawan banɗakuna, shigar iska a aji lokacin zafin bazara, filin wasa, akwatin magani da matsayin makarantar kan bulala.

Duk waɗannan ba sa fitowa a takardar talla. Ziyarar ba-zata a ranar karatu, da leƙa littafin rubutun yaro a ga ko malami na duba jinga, su ke nuna abin da ake saye da kuɗin zango.