Burodi, Ayaba da Zawon da Ba na Haƙori Ba

Ba a noman alkama a Gabon. Ƙasa ce ta kurmi da damshi, abincinta na gado rogo ne da agada da kifi. Duk da haka, a Nombakélé, ɗaya daga cikin tsoffin unguwannin tsakiyar Libreville inda 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, da wuya a karya kumallo ba da dogon burodin nan da Faransawa suka bari ba. Jirgin ruwa ke sauke alkamar a tashar Owendo, a niƙa ta, kafin asuba ta zama burodi. Yaron da aka yaye ma da shi ake lallashinsa, a jiƙa masa a shayi.

Hausawan da suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Bitam da Oyem, daga baya wasunsu suka iso Libreville, ba da wannan cimar suka baro gida ba. Gero da dawa suka sani. Akwai alkama a ƙasar Hausa tun da daɗewa, ana noma ta da rani a fadamu, amma ta gidan sarauta ce da attajirai da ranar biki: alkaki, funkaso, taliyar hannu, da gurasar Kano. Sai bayan da injin niƙa na Apapa ya fara aiki a 1962 fulawa ta soma zama abincin kowa a Najeriya. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, amma haramcin bai wuce 'yan shekaru ba, domin baki ya riga ya saba.

Akwai yaran da wannan sauyi yake cutarwa. A jikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo, gulutin, wanda shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi. Ga wanda ya gaji wani irin jini, garkuwar jikinsa takan ɗauki gulutin a matsayin abokin gaba, ta far wa ƙaramin hanji. Cikin lafiyayyen hanji cike yake da ƙananan tsiro kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci. Wannan cuta, wadda ake kira siliyak, takan shafe su. Yaro ya ci, abincin ya wuce. Sai zawo mai wari da maiƙo, ciki ya kumbura, ɗuwawu ya motse, jini ya yi ƙasa, ga rigima ba dalili, ga tsayi ya tsaya.

Likitoci sun daɗe suna ganin wannan ba su san sanadinsa ba. Aretayus, likitan Girka ɗan Kafadokiya, ya kwatanta ciwon kusan shekara dubu biyu da suka wuce. A 1888 Samuel Gee na Landan ya rubuta bayanin da har yau ake yabawa: ya lura cewa ya fi kama yara 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, ya kuma hakikance cewa maganin yana cikin abinci. Ya kusa, amma bai kai ba, domin cikin abin da ya yarje wa majinyatansa har da gasasshen burodi.

A 1924 Sidney Haas na New York ya fito da maganin ayaba. Cikin yara goma da ya ba da labarinsu, takwas da aka ɗora a kan ayaba sun murmure, biyun da ba a ɗora ba suka rasu. Shekaru da dama ana ɗura wa yara ayaba a Amurka ana cewa tana da wani sirri. Ba ta da shi. Abin da ya cece su shi ne, tsarin Haas ya hana su burodi da biskit da hatsi. Illar kuskuren ta fito daga baya: an sallami yara da yawa a kan cewa sun warke, suka koma cin alkama, cutar ta ci gaba da cin su a ɓoye.

Wanda ya kama bakin zaren shi ne Willem Dicke, shugaban asibitin yara na Juliana a birnin Heg na ƙasar Holan. Tun shekarun 1930 yake zargin alkama. Sai yunwar hunturun 1944 zuwa 1945 ta zo, lokacin da sojojin Jamus suka datse hanyoyin abinci, burodi ya yi ƙaranci. Mutane na mutuwa da yunwa, amma yaran da ke fama da wannan ciwo suka fara samun sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwon ya dawo. Dicke bai tsaya ga abin da ido ya gani ba. Shi da abokan aikinsa suka riƙa auna maiƙon da ke cikin bayan gidan yaran, su ba da alkama su auna, su janye su sake aunawa. A 1950 ya gabatar da sakamakon a jami'ar Utrecht. Aiki ne marar daɗin yi, kuma duk yaron da ya rayu da wannan cuta tun daga lokacin ya ci moriyarsa.

Gano sanadi daban, tabbatar da cutar a jikin yaro daban. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara zura siririn bututu ta baki a gutsuro ɗan naman hanji a duba. Ƙa'idar da likitocin yara na Turai suka tsayar wajen 1970 mai tsanani ce: a gutsuro sau uku, na farko yaron yana cin alkama, na biyu bayan an hana shi, na uku bayan an sake ba shi da gangan don a ga ko hanjin zai sake lalacewa. A 1990 aka rage zuwa sau ɗaya ga yawancin yara. A 1997 masu bincike a Berlin suka gano ainihin abin da garkuwar jiki ke kai wa hari, wanda ya ba da gwajin jini mai sauƙi. Tun 2012, idan sakamakon ya ninka iyakar lafiya sau goma kuma gwaji na biyu ya gaskata shi, ana iya tabbatar da cutar ba tare da an taɓa hanjin yaro ba.

An daɗe ana ɗaukar siliyak ciwon Turawa. Afirka ce ta rushe wannan zato. An ba da rahoton yaran Sudan masu ita tun 1978. A 1999 Carlo Catassi na Italiya da tawagarsa suka gwada yaran Sahrawi kusan dubu, 'yan gudun hijirar da ke sansanonin kusa da Tinduf a Aljeriya, suka samu kashi 5.6 cikin ɗari, alhali a Turai wajen kashi ɗaya ne. Mutanen nan makiyaya ne da suka koma dogaro da fulawar agaji. Wani bincike a tsakanin Mosawan Burkina Faso kuwa bai samu mai ita ba. Ke nan gado yana da tasiri ƙwarai, kuma ba daidai ba ne a yi wa Afirka kuɗin goro ta kowace fuska.

Abin damuwar shi ne, alamomin cutar sun yi kama da abubuwan da aka saba gani. Zawo bayan yaye, uwa ta ce haƙori ne. Kaka ta ce a ba shi jiƙo. A asibiti a yi zargin tsutsar ciki ko tamowa, kuma galibi hakan ne gaskiya. Amma yaron da aka yi wa maganin tsutsa, aka ba shi abinci mai gina jiki, wata da watanni bai ƙara nauyi ba, kuma ciwon ya faro ne bayan ya fara cin burodi da biskit da taliya, ya cancanci a yi masa gwajin jinin siliyak. Sharaɗi ɗaya ne iyaye suka fi karyawa da kyakkyawar niyya: kada a janye alkama kafin a ɗibi jini, domin janyewar tana sa sakamako ya fito kamar lafiya lau.

Idan an tabbatar, babu allura babu ƙwaya, sai barin alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa. A nan gidan Bahaushe a Libreville yana da sauƙin da iyalin Turai ba su da shi: tuwon shinkafa, tuwon masara, kunun gero, fura, ƙosai, alale, acca, ga rogo da agada a kowace kasuwa. Inda ake buƙatar sa ido shi ne wuraren da fulawa ta kutsa cikin girkin gargajiya. Tuwon semo alkama ne. Ɗanwake da yawa yanzu da fulawa ake kwaɓa shi, wasu masu waina ma suna barbaɗa ta a ƙullu, kuma man da aka soya fanke a cikinsa bai dace a soya wa irin wannan yaro ƙosai ba.